Doka da Iyo a Bakin Tekun Sidni: Tarihin Yadda Majalisun Gari Suka Koyi Tsaron Rai

Gabatarwa

Duk wanda ya sauka bakin teku a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya a lokacin zafi, abin da zai fara cin karo da shi, tun ƙafarsa ba ta taɓa yashi ba, shi ne allon majalisar gari. A jikin allon an zana abubuwan da aka hana, kamar shan giya, da shan taba, da shigowa da kare ko kwalba. Can gaba kuma, dab da ruwa, akwai tutoci biyu masu launin ja da rawaya, an kakkafa su nesa da juna, a tsakaninsu ne kaɗai ake so jama'a su yi iyo. Baƙo sai ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali kuwa kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan yana da ranar da aka fara shi, da gardamar da aka sha kafin a yarda da shi, wasu ma sai da ruwa ya ci mutane tukuna.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wannan tarihi daga shekarar 1810 zuwa 'yan shekarun nan. Batun ya shafi ɗalibin tarihi, ya kuma shafi ma'aikacin hukuma, domin tambayar da ke ƙarƙashinsa tana gaban kowace ƙaramar hukuma, watau idan jama'a suka nace a kan wani abu mai daɗi kuma mai haɗari, hukuma hana shi za ta yi, ko kau da kai, ko kuwa tsayawa za ta yi ta tsara shi? Majalisun da za a riƙa ambata su ne ta Waverley, mai kula da Bondi, da ta Randwick, mai kula da Coogee, waɗanda aka kafa a 1859, da ta Manly, wadda aka kafa a 1877 aka kuma haɗe ta da maƙwabtanta a 2016, sa'an nan da ta Sutherland, mai kula da Cronulla.

Zamanin hani

Tun kafin zuwan Turawa a 1788, 'yan asalin ƙasar suna rayuwa a bakin wannan ruwa. Matansu sukan kama kifi a cikin kwalekwalen ɓawon itace, kuma har yanzu akwai zanen kifaye da suka sassaƙa a kan duwatsun arewacin Bondi. Turawan da suka zo kuwa, fursunoni ne da sojojin da ke tsaronsu, galibinsu ba su iya iyo ba. Amma ga zafi, ga ƙarancin ruwan wanka a gidaje, saboda haka sai suka riƙa tuɓewa suna faɗawa cikin ruwan tashar jirage. A 1810 Gwamna Lachlan Macquarie ya ba da oda ya hana wanka a matsayar jiragen gwamnati da wurin gyaransu, bisa dalilin cewa al'adar rashin kunya ce. A 1833 aka yi dokar da ta hana wanka a ruwan tsakiyar birnin daga ƙarfe 6 na safe zuwa ƙarfe 8 na dare, a 1838 kuma aka faɗaɗa ta har ta haɗa da duk ruwan da ake iya hange daga titi, ko gida, ko wurin taruwar jama'a. Wanda aka kama, tararsa tana iya kai fam 1.

Ya kamata a tsaya a dubi wannan doka da kyau. Idon mai wucewa take karewa. Hujjar haka a fili take, domin ta ƙyale mutum ya shiga teku da duhun dare ko da asuba, lokacin da babu mai ganinsa balle ya cece shi, kuma dokar da ta damu da ran mai wanka ba za ta tura shi cikin ruwa a irin wannan lokaci ba. Haka aka zauna fiye da shekara 60.

Abin da ya karya dokar shi ne yawan jama'a da sauƙin sufuri. A 1882 gwamnati ta mai da bakin tekun Bondi filin jama'a, bayan ya daɗe a hannun wani mai gona. A 1894 jirgin titi ya iso har bakin ruwan. Jiragen fito kuma suna ta kai mutane Manly ranar hutu. A can Manly ne wani saurayi ɗan tsibirin Tana, wanda ke aikin lambu, aka kuma san shi da Tommy Tanna, ya nuna wa samarin gari yadda mutum zai miƙe jikinsa igiyar ruwa ta ɗauko shi har gaɓa. Daga nan wanka ya tashi daga neman tsabta ya koma wasa, wasa kuwa ba ya yiwuwa a cikin duhu.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na William Gocher, editan wata 'yar jarida a Manly, wanda aka ce a watan Oktoba na 1902 ya yi shela cewa zai shiga teku da tsakar rana, wanda ya isa ya kama shi, ya kuma shiga har sau uku ba a gurfanar da shi ba. Masana tarihi na baya sun nuna cewa an ƙara wa labarin gishiri, domin jaridun lokacin ba su ba shi wani muhimmanci ba, kuma tun kafin Gocher ɗaruruwan mutane suna karya dokar kullum, 'yan sanda kuwa ba su da sha'awar kama wanda ya rufe jikinsa. Mutane dai suna son a ce gwarzo guda ne ya kawo sauyi, domin ya fi daɗin faɗa. Abin da ke rubuce shi ne, a watan Nuwamba na 1903 majalisar Manly ta halatta wanka a kowane lokaci na yini, da sharaɗin mai wanka ya sa rigar da ta rufe shi daga wuya zuwa gwiwa.

'Yan ceto da kwarkwaronsu

Da aka buɗe ƙofa sai jama'a suka kwararo, galibinsu ba su san teku ba, ruwa kuwa ya shiga cinsu. Majalisun sun halatta wanka, amma ba su yi tanadin ceto ba, kuma ba su da niyyar kashe kuɗin masu biyan haraji a kan abin da suke gani wasan 'yan birni ne. A Manly wasu masunta 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Sly, su ne suka riƙa tsamo mutane da jirgin kamun kifinsu. A Bondi kuma samarin da suka saba da ruwan suka haɗa kansu, a watan Fabrairu na 1907 suka kafa ƙungiyar ceto ta 'yan sa kai. Har gobe ana jayayya tsakanin Bondi da maƙwabciyarta Bronte a kan wadda ta riga, jayayyar da ba ta ƙara wa kowa kome.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kayan aikin da suka ƙirƙiro. Wani daga cikinsu, Lyster Ormsby, ya ɗauki kwarkwaron zare da 'yan ƙarafan kama gashi ya haɗa samfuri, aka kai wa maƙeri ya yi babba. Kwarkwaro ne na katako, an naɗe doguwar igiya a jikinsa, a bakin igiyar kuma akwai ɗamara. Mai ɗamara zai yi iyo ya je ya riƙe wanda ke nutsewa, masu igiya suna tsaye a gaɓa suna sakar masa ita ta bisa kawunansu, in ya ɗaga hannu sai su jawo su a hankali, mai kwarkwaro yana naɗewa. An fara nuna shi a Bondi ranar 23 ga Disamba, 1906. A farkon Janairu na 1907 aka ceto yara biyu da shi, ɗayansu ɗan shekara 9 ne mai suna Charles Kingsford Smith, wanda a 1928 ya jagoranci jirgin sama na farko da ya ƙetare tekun Fasifik daga Amurka zuwa Ostareliya.

A daidai wannan lokaci hankalin majalisu yana wani wuri. A 1907 magajin garin Waverley da takwarorinsa suka kawo shawarar cewa rigar wuya zuwa gwiwa ba ta isa ba, domin in ta jiƙe tana manne wa jiki, saboda haka maza ma tilas su ɗaura wani abu kamar fatari a kai. Ranar Lahadi 20 ga Oktoba, 1907, maza suka fito a Bondi da Manly da Coogee sanye da tufafin mata, da labule, da mayafin tebur, suka yi jerin gwano jama'a na ta dariya. Shawarar ba ta sake tashi ba. Kwana biyu kafin wannan, watau ranar 18 ga wata, ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya ta masu wankan teku ta jihar New South Wales, wadda ita ce ta zama ƙungiyar ceto ta ƙasa baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar ta soma ne a matsayin mai kare masu wanka daga majalisa. Amma shugabanninta sun gane da wuri cewa ba za su sami fili, ko ɗakin ajiya, ko izini ba sai da yardar majalisa, don haka suka ɗauki horo irin na soja, da fareti, da jarrabawa. Daga 1910 ba a ba mutum aikin sintiri sai ya ci jarrabawar lambar tagulla. Da haka samarin da ake wa kallon 'yan iskan gari suka zama abin alfaharin ƙasa.

Rabon aikin da aka yi a lokacin shi ne ya ɗore. 'Yan sa kai suna sintiri ranakun Asabar da Lahadi da ranakun hutu, ba a biyansu ko anini. Majalisa kuma tana ɗaukar nata ma'aikatan da albashi, waɗanda aka daɗe ana kira sufetocin bakin teku, masu kama da duba-gari, domin suna da ikon korar mutum ko kai shi kotu. Ɗan sa kai ba shi da wannan iko, sai dai ya busa usur ya yi nuni da hannu.

Makwarara, da tuta, da Baƙar Lahadi

Kafin a fahimci amfanin tuta, tilas a fahimci abin da ke kashe mutane a bakin teku. Igiyoyin ruwa suna turo ruwa gaɓa ta kan tudun yashin da ke ƙarƙashi, ruwan nan kuwa dole ya koma. Sai ya nemi wuri mai zurfi tsakanin tudu da tudu, ya bi ta nan da ƙarfi kamar ƙorama a cikin teku. Wannan ita ce makwarara. Mugun halinta shi ne, wurinta ya fi ko'ina kwanciya a ido, domin igiyar ruwa ba ta fashewa a inda ke da zurfi. Wanda bai sani ba sai ya zaɓi nan don gudun hayaniyar ruwa. Makwarara ba ta jan mutum ƙasa, waje take yi da shi, amma in ya ga gaɓa tana nisa sai ya firgita, ya shiga kokawa da ruwa har ƙarfinsa ya ƙare. Wuraren makwarara kuwa suna sauyawa bisa ga yadda yashi ya kwanta, saboda haka allon da aka kafa bara ba zai nuna ta yau ba. Sai an sami mai ido ya dubi ruwan kowace safiya, ya kafa alama, ya kuma matsar da ita in ruwa ya sauya. A 1935 aka tsai da launin ja da rawaya a matsayin wannan alama. Ma'anarta biyu ce: an duba nan an ga ya fi sauran wuri lafiya, kuma akwai idon da ke kan mai iyo. A nan ne doka ta juya daga faɗa wa mutum lokacin da ba zai shiga ruwa ba zuwa nuna masa inda zai shiga.

Tuta ta kuma zama maganin wata rigima. Tun da Duke Kahanamoku, gwanin iyo ɗan Hawai wanda ya ci zinariya a wasannin Olamfik na 1912, ya nuna hawan igiyar ruwa a kan allo a Freshwater a lokacin zafin 1914 zuwa 1915, masu allo suka fara yawa, allon kuwa yana iya fasa kan mai iyo. Ƙa'idar da aka zauna a kanta ita ce masu iyo a tsakanin tutoci, masu allo a wajensu.

Babbar jarrabawa ta zo ranar Lahadi 6 ga Fabrairu, 1938. Watan Fabrairu tsakiyar zafi ne a can, kuma an ƙiyasta mutum 35,000 a Bondi ran nan. Wajen ƙarfe 3 na yamma ɗaruruwan mutane suna tsaye a kan tudun yashi, ruwa iya ƙugu, sai manyan igiyoyin ruwa uku suka zo a jere, babu tazarar da ruwan zai koma. Da ya tashi komawa gaba ɗaya, sai ya share mutanen daga kan tudun ya zuba su cikin zurfi. Allah ya sa lokacin sauyin masu sintiri ne, ga kuma 'yan ƙungiya da yawa sun taru don tseren mako, saboda haka gwanayen iyo da dama suna kan yashi. Masu ɗamara suka faɗa ruwa. Amma Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Mutane goma goma suka riƙa cafke igiya ɗaya, 'yan kallo kuma suka ruga suna ja da ƙarfi don taimako, har masu ɗamara suka riƙa nutsewa. Da yawa daga cikin 'yan ceton sai suka bar igiya suka shiga da hannu, da alluna, da duk abin da ke iya yawo a kan ruwa. An tsamo mutum kimanin 250, da dama a sume, aka jera su a kan yashi ana matsa musu baya irin yadda aka koyar a zamanin. Mutum 5 suka rasu. Ranar ita ake kira Baƙar Lahadi. Ta ɗaukaka sunan 'yan ceto, ta kuma tona aibin kwarkwaro, watau igiyar da ke ceto tana iya kisa in ta faɗa hannun taro.

Duk da haka kwarkwaro bai bar yashi ba sai a shekarun 1990. Kafin nan an karɓi hura numfashi baki da baki a 1960, an gwada kwalekwalen roba mai inji a 1969, jirgin sama mai saukar ungulu kuma ya fara aikin ceto a Sidni a 1973.

Kifin shak yana da nasa babin, ko da yake tsoronsa ya fi ɓarnarsa yawa. Bayan ya kashe mutane a Coogee a 1922, da wasu wurare a shekarun da suka biyo, gwamnatin jiha ta naɗa kwamiti, a 1937 kuma aka fara kafa raga a bayan inda igiyar ruwa ke fashewa. Ragar ba shinge ba ce, tsawonta kamar mita 150 ne kawai, kifi yana iya bi ta gefe ko ta sama. Aikinta rage yawan manyan kifayen da ke zama kusa. Kisa ya ragu ƙwarai bayan kafa ta, amma tana kama kunkurun ruwa da dolfin da sauran halittun da ba su cutar da kowa, abin da ya sa daga baya wasu majalisu da kansu suka nemi a cire ta.

Awon riga

A shekarar da aka tsai da launin tuta, watau 1935, aka kuma fito da oda ta 52 a ƙarƙashin dokar ƙananan hukumomi, wadda ta ƙayyade awon rigar wanka, har da cewa ƙafar wandon kada ta gaza inci 3. Da rigar bikini ta ɓullo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sufetocin Bondi, musamman Aub Laidlaw wanda ya yi suna a kan haka, suka shiga auna rigunan mata suna korar wadda tata ta gaza. Mutumin da aka ɗauka don ya sa ido a kan ruwa sai ga shi ya juya wa ruwa baya yana duban tufafi. A 1961 aka yi watsi da awon, aka bar maganar a kan cewa mutum ya yi shigar da ta dace. Sannu a hankali sunan sufeto ya ɓace, aikin ya koma na ceto zalla.

Ba mai rauni kaɗai ruwa ke ci ba. Ranar 17 ga Disamba, 1967, Firayim Ministan ƙasar, Harold Holt, mutumin da ya yarda da iya ruwansa, ya shiga teku a Cheviot cikin jihar Biktoriya, wurin da babu tuta babu mai sintiri, ruwa kuma ya yi tsauri ran nan. Ba a sake ganinsa ba, ko gawarsa ba a samu ba. An ce iya ruwa fid da kai. Mutanen Malbon dai suka sa wa wani wurin iyo sunansa don tunawa.

Majalisa a gaban alƙali

Wannan sashe shi ya fi shafar ma'aikata. Tun da majalisa ta ɗauki nauyin cewa nan ne wurin iyo, sai tambaya ta taso: in mutum ya bi alamarta ya ji ciwo, wa zai biya? A 1980 Babbar Kotun Ostareliya, wadda ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukunci a shari'ar majalisar Wyong da Shirt. Majalisar ta haƙa hanyar ruwa a wani tafki, ta kafa alluna masu cewa ruwa mai zurfi. Wani mai wasan zamiya a bayan jirgi ya fahimci allon a kan cewa duk wajen da zurfi, ya faɗi a inda ba zurfi, ya shanye. Kotu ta ce laifin majalisa ne, domin allon yana iya ɗaukar ma'ana biyu, kuma duk haɗarin da hankali zai iya kawowa, ko da da wuya ya auku, wajibi ne hukuma ta yi la'akari da shi. Kalma biyu a jikin allo suka ja wa majalisa diyya.

Shari'ar Swain da majalisar Waverley ta fi wannan girgiza hukumomi. A 1997 wani saurayi ya yi alkafura cikin igiyar ruwa a Bondi, a tsakanin tutoci, kansa ya daki tudun yashi, hannuwa da ƙafafu suka shanye. A 2002 aka yanke masa diyyar dalar Ostareliya miliyan 3.75. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke, amma a 2005 kotun ƙoli ta mayar masa da ita. Majalisu suka ce in haka ne gara su tuge tutocin, domin inda ba a kafa tuta ba babu wanda zai ce an yaudare shi. Wannan magana tana da ban tsoro, domin ma'anarta ita ce tsoron diyya ya kusa mai da hukuma inda ta fito a 1903, ta halatta wanka ta kau da kai. Tun a 2002 majalisar dokokin jiha ta yi dokar da ta rage wa hukumomi wannan nauyi, inda ta ce ba dole ne a gargaɗi mutum a kan haɗarin da yake a bayyane ba, kuma wanda aka yi wa gargaɗi ya shiga wasa, ya shiga da sanin kansa. A ƙarshen 2005 kotun ƙolin ta ƙi ba da diyya ga wani da ya yi tsalle daga kan dutse a yankin Wyong. Yawan allunan gargaɗin da baƙo ke gani a yau daga nan ya samo asali, kuma lalle wani ɓangare nasu majalisa suke karewa fiye da mai iyo.

Ruwan na wane ne?

Mutanen Ostareliya suna alfahari da cewa bakin teku na kowa ne, ba a biyan kuɗin shiga. Tarihi bai goyi bayan wannan alfahari duka ba. A garin Moree, can cikin ƙasa, dokar majalisa ce ta hana 'yan asalin ƙasar shiga wurin iyo na gari, sai da ɗaliban Jami'ar Sidni, ƙarƙashin Charles Perkins, suka je a watan Fabrairu na 1965 suka tsaya a ƙofa da yaran, aka jefe su da ƙwai da tumatir, kafin maganar ta kai kunnen ƙasa. Mata kuwa, ko da yake sun yi ceto tun da daɗewa, ba a karɓe su cikakkun 'yan sintiri ba sai ranar 1 ga Yuli, 1980. A gefe guda, a Coogee akwai wurin iyo na mata da yara zalla tun ƙarni na 19, a kan filin majalisar Randwick. Da wani namiji ya yi ƙara, sai a 1995 aka keɓe wurin daga dokar hana wariya, kuma cikin masu amfana da shi akwai matan Musulmi, da mata masu zaman zuhudu na coci, da tsofaffi.

Ranar 4 ga Disamba, 2005, faɗa ya kaure a Cronulla tsakanin wasu 'yan ceto da wasu samari 'yan asalin Labanan. Cronulla ce bakin tekun da jirgin ƙasa ke isa kai tsaye, don haka ita ce mafi sauƙin zuwa ga mazauna unguwannin yamma, inda baƙin haure suka fi yawa. Saƙonnin waya da wasu masu shirin rediyo suka hura wutar, ranar 11 ga wata mutum kimanin 5,000 suka taru, aka far wa duk wanda ya yi kama da Balarabe, da dare kuma aka yi ramuwar gayya. Bayan ƙura ta lafa, gwamnatin tarayya da ƙungiyar ceto da majalisar Sutherland suka shirya horar da samari da 'yan matan Musulmi aikin ceto. Matsalar sutura ta taso, sai Aheda Zanetti, wata mai ɗinki haifaffiyar Labanan wadda ta ƙirƙiro rigar burkini, ta ɗinka mai launin ja da rawaya, mai rufe jiki da kai ba tare da ta hana iyo ba. A farkon 2007 rukunin farko suka ci jarrabawar lambar tagulla. Shekara 100 daidai bayan rigimar fatari, sai ga tsawon riga ya sake zama maganar bakin teku, wannan karon masu son rufe jiki ne ke neman a ba su wuri.

Majalisu sun ci gaba da yin dokoki gwargwadon abin da ya taso. Manly ta hana shan taba a kan yashi a 2004. Randwick ta hana giya a Coogee bayan bikin Kirsimeti na 2016, da 'yan shagali suka bar shara kimanin tan 15. A watan Maris na 2020 aka rufe Bondi ɗungum saboda annobar korona, sa'an nan aka buɗe ta bayan 'yan makonni.

Inda dokar majalisa ba ta kai ba shi ne inda mutuwa ta fi yawa. Ƙasar tana da bakin teku fiye da 10,000, ƙungiyoyin ceto kuwa ba su wuce 300 da 'yan kai ba, kuma ko inda ake sintiri, da yamma ana naɗe tuta a tafi gida. Binciken da Rob Brander na Jami'ar New South Wales ya yi da abokan aikinsa a 2013 ya nuna cewa makwarara tana kashe kimanin mutum 21 a shekara, fiye da abin da gobarar daji, da ambaliya, da guguwa, da kifin shak suke kashewa in an haɗa su. Kusan dukan waɗannan a wajen tutoci suke mutuwa, cikinsu har da iyayen da suka faɗa ruwa don ceton 'ya'yansu, da baƙin da a ƙasashensu jar tuta alamar haɗari ce, don haka suke nisantar wurin da aka tanadar musu. Saboda irin waɗannan ne a lokacin zafin 2022 zuwa 2023 majalisun Waverley da Randwick suka gwada wani sabon saƙo a kan tsohon, wanda aka yi domin mutumin da makwarara ta riga ta ɗauka kuma babu mai ganinsa: ya daina kokawa da ruwa, ya kwanta rigingine, ya bar jikinsa ya taso, ya riƙe numfashinsa daidai, in ya sami sarari ya ɗaga hannu.